Harshe a Cikin Sharuɗɗan Naɗa Jakadan Nijeriya a Yamai

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki, fatauci ya durƙushe tsakanin Jibiya da Maraɗi, Illela da Birnin Ƙonni. A waɗancan makonni, cikin waɗanda suka fara samun ganawa da Janar Tiani akwai Muhammadu Sanusi II da tawagar malamai, mutanen da ba sa bukatar tafinta a gabansa. A Disamba 2024, da Hausa Tiani ya zargi Nijeriya. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa.

Sashe na 171 na kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya amincewar Majalisar Dattawa da daidaita rabon muƙamai wajen naɗa jakada, amma bai ambaci harshe ba. Wannan giɓi ne babba. Ya wajaba jakadan Yamai ya naƙalci Faransanci saboda takardun ofis, da Hausa saboda fada da kasuwa, inda ake ƙulla yawancin cinikin ƙasashen biyu. Ranar tantancewa ta isa a gwada wannan, in sanatoci sun daina barin wanda aka gabatar ya rusuna ya wuce ba tare da tambaya ba.