Sharhi: Abin da ya sa manyan tarwaɗa ke ƙaranci a fadamun Haɗeja da Nguru

Da zarar ruwan damina ya fara janyewa a ƙarshen kaka, masunta a fadamun Haɗeja da Nguru, tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, sukan shiga lokacin da suka fi dogaro da shi a shekara. Kifin da ya bazu cikin ciyayi yakan tattaru a gulabe da tafkuna, a nan ne ake samun tarwaɗa da ramboshi masu nauyi. Sai dai shekara da shekaru ke nan masuntan na kokawa cewa manyan suna ƙaranci, ƙanana ne ke cika koma.

Tushen matsalar yana cikin rayuwar kifin kansa. Tarwaɗa tana hayayyafa ne a farkon ambaliya, lokacin da ruwa ya malale fadama. A cikin ciyawa take zuba ƙwai, a nan kuma 'ya'yanta ke samun abinci da mafaka. Don haka faɗin filin da ruwa ya kwanta a kai shi ke ƙayyade yawan kifin da za a kama da rani.

Wannan malala ce ta ragu tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano. Madatsun sun raya noman rani, sun kuma taimaka wajen shayar da birnin Kano, amma sun sauya tafiyar Kogin Haɗeja. Ruwan da a da yakan zo da ƙarfi sannan ya ɗauke, yanzu yana kwarara kaɗan-kaɗan duk shekara. Hakan ya ba ciyawar kacala damar toshe magudanai, inda wasu wurare suka nutse, wasu kuma suka bushe.

Dalili na biyu na hannun masuntan ne. A al'ada, sarkin ruwa yakan rufe tafki ya hana su har sai kifi ya ƙosa, sannan a buɗe a rana guda kowa ya shiga. Bikin kamun kifi na Bade a Gogaram da na Argungu a Jihar Kebbi duk a kan wannan tsari suka ginu. Amma yawan jama'a da matsin rayuwa sun raunana dokar. Koma mai ƙananan ido da shingen da ake gindayawa a mashigar ruwa suna kama kifi tun bai kai ga haihuwa ba, alhali dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta guba da abubuwan fashewa, ta kuma iyakance irin komar da za a yi amfani da ita. Dokar na nan a takarda, masu aiwatar da ita ne ba a gani a bakin ruwa.

Wasu na ganin kiwon tarwaɗa a kududdufi zai cike giɓin, musamman da yake Najeriya na kan gaba a duniya wajen kiwon wannan nau'in. Sai dai kiwo yana buƙatar jari, ga tsadar abincin kifi da ta kori masu kiwo da dama. Masuncin da jarinsa kwale-kwale ne da mamari ba zai koma kiwo dare ɗaya ba, haka ma matan da ke rayuwa da yin banda.

Mafita ta farko tana hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are: ta riƙa sakin ruwa daidai lokacin hayayyafar kifi, tare da sanar da al'ummomin da ke gangare, a kuma ci gaba da yashe magudanai. Ta biyu ita ce jihohi su ba sarakunan ruwa hurumi a doka, domin su ne suka san tafkin da ya kamata a rufe.

Akwai kuma batun madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi, wadda aka daɗe ana muhawara a kan kammala ta. Kogin Jama'are, wanda ba a datse ba, shi ke kawo kaso mai tsoka na ambaliyar da ta rage. Duk shawarar da aka yanke a kansa za ta shafi abin da masuntan Nguru da Gashuwa za su kama nan gaba.