Ku Gyara Rajista Kafin Ku Kira Suna

Ƴan uwana ɗalibai, ranar 26 ga Disamba 2025 majalisar ministoci a Yamai ta amince da dokar gayya ta kare ƙasa. Abin da dokar ga ta ce a taƙaice: duk ɗan ƙasa da anka kira, dole shi amsa ba tare da ɓata lokaci ba. Ni ba ni da ja da kare ƙasa. Mu ƴan jihar Tilaberi ba labarin yaƙi muke ji a rediyo ba, cikin shi muke kwana. Sojoji 71 sunka faɗi a Inates cikin Disamba 2019, wasu 89 a Shinagodar cikin Janairu 2020. Amma ina da tambaya guda ga masu mulki: da wane suna za ku kira mu?

Kowa shi ɗauko takardunshi shi jera su bisa tabarma. Ni nawa, sunan mahaifina iri uku ne a takarda uku: Aboubacar a ta haihuwa, Boubacar a ta makaranta, Abdoulkader a katin ɗan ƙasa, don wani magatakarda ya ji da rabin kunne ya rubuta da rabin hankali. Ga idon hukuma ubana uku, ga idon Allah guda. Wani kuma an juya mishi, sunan uba ya koma nashi, nashi ya koma na uba. Wani takardar wanshi da ya rasu anka ba shi don shi samu shiga aji.

Shekaru fa? Dubi yawan waɗanda anka rubuta ma «né vers», wato an haife shi wajajen shekara kaza, sannan anka liƙa musu 1 ga Janairu. Har shugabannin ƙasa biyu, Mahamadou Issoufou da Mohamed Bazoum, ranar haihuwarsu a takarda 1 ga Janairu ce. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yara ƴan ƙasa da shekara biyar ke da rajista. Sauran 36 ɗin, manyansu yau sun kai ko sun kusa kai shekarun ɗaukar bindiga. Kuma kowa ya san ba ɗiyan Yamai ba ne, ɗiyan ƙauye ne irinmu.

Za a ce mini: kai yaro, wuta na ci, kana zancen biro da takarda? E, shi nake yi, don kuskuren biro jini yake sha. Yaro ɗan shekara 16 da anka ƙara ma biyu don jarrabawa, a rajista namiji ne cikakke, ana iya kiranshi. Saurayi mai ƙarfi, mai son kaki da zuciya ɗaya, a mayar mishi da dosiye saboda harafi guda bai dace ba. A gari guda ana iya samun Issa Mahamadou biyar, a kira ɗaya, wani shi tafi, ko a nemi wanda bai taɓa jin kiran ba a ce ya gudu. Mafi ciwo: soja shi faɗi a daji, matarshi ta ɗauki goyo ta yi kilomita wajen 180 daga Filinge zuwa Yamai neman haƙƙin marayu, a ce mata sunan da ke takardar aure ba shi ne ke littafin bariki ba.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Faransa ta kafa ɗibar soja ta tilas a Afirka ta Yamma tun 1912, ta faɗaɗa ta a 1919 da jefa ƙuri'a. Babu takardar haihuwa, sai likita shi dubi ƙirjin yaro shi yanke mishi shekaru, hakimi kuma shi ɓoye ɗanshi shi miƙa na talaka. Da anka harbe sojojin Afirka masu neman haƙƙinsu a Caroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, rahoton sojan Faransa ya ce mutum 35. Masana tarihi sun ce ɗaruruwa ne. Har yau kaburburan can babu suna bisansu. Wanda bai damu da rubuta sunanka daidai kana da rai ba, ba zai wahala wajen ƙirga gawarka ba. Mun kori sojan Faransa a 2023, to kada mu riƙe halin magatakardanta.

Ban ce laifin duk na hukuma ne ba. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su shaida haihuwa. Amma uban da ke cirani, uwar da ta haihu cikin ɗaki nesa da likita, wa ya bi su da littafi? In lokaci ya wuce sai gaban alƙali, da shaidu, da kuɗin mota, da na kan sarki. Magatakarda shi yi kuskure kyauta, talaka shi sai da akuya don gyara. Wane irin adalci ne wanga?

Ga abin da nake nema. Alƙalai su fito ƙauyukan Kurfai, daga Shikal har Tukunus, su zauna gindin bishiya su ba da takardu kamar yadda aka saba yi lokaci-lokaci, amma wannan karo gari bayan gari. Gyaran kuskuren da ma'aikaci ya yi shi zama kyauta. Kafin a kira kowa, a liƙa jerin sunaye a ƙofar magajin gari, a karanta shi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci ranar kasuwa, a ba mutane lokacin ƙorafi.

Mu kuma da munka iya karatu, hutun ga kowa shi duba takardun ƙannenshi da na maƙwabta, harafi bayan harafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙasar da ke son jininmu, ta fara koyon rubuta sunanmu.