Berlin: birnin da ba ya ɓoye tabonsa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma abin da na lura da shi game da yawancin 'yan bokonmu da Allah Ya hore wa zuwa ƙasar Jamus, ko dai don taro, ko ganin likita, ko hutu, shi ne tafiyar tasu ba ta wuce otal da manyan kantuna da ɗaukar hoto a gaban ƙofar Brandenburg. A ganina duk wanda ya taka Berlin ya dawo bai ware ko da yini guda ya bi sawun tarihin birnin ba, to ya yi asarar kuɗin jirgi.

Abin da ya bambanta Berlin da sauran biranen Turai shi ne yadda ta bar tabon abin da ya same ta, da na abin da ta aikata, a fili kowa na gani. Katangar da ta raba birnin gida biyu daga 13 ga Agusta 1961 zuwa 9 ga Nuwamba 1989 ta rushe, amma an jera duwatsu layi biyu a kan tituna domin mai tafiya ya san inda ta bi, an kuma bar wani ɓangare mai tsawon fiye da kilomita 1 a bakin kogin Spree. Cocin tunawa da Sarki Wilhelm da bama-bamai suka ragargaza a 1943 yana nan da karyayyiyar hasumiyarsa a tsakiyar unguwar kasuwanci. A cikin ginin majalisar dokoki kuwa, rubuce-rubucen da sojojin Tarayyar Sobiyet suka yi a bango lokacin da suka ci birnin a 1945 suna nan, 'yan majalisa na wucewa ta gabansu. Kusa da nan akwai fili mai ɗauke da ginshiƙan kankare 2,711 da aka buɗe a 2005 domin tunawa da Yahudawan da gwamnatin Hitler ta hallaka.

Ga ɗan Afirka kuma, akwai wurin da ya fi waɗannan duka shafar sa. A titin Wilhelmstrasse ne fadar Bismarck ta kasance, inda wakilan ƙasashe 14 suka zauna daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 suka shata ƙa'idojin mamaye nahiyarmu da na zirga-zirga a kogunan Kwara da Kwango, ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a zauren ba. Shekara 18 bayan haka, a 1903, Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Ginin ya daɗe da gushewa, abin da ya rage shi ne wani allo da aka kafa a 2005, wanda mutum zai iya wuce shi bai ankara ba.

Ƙanƙantar wannan allo ita ce amsata ga mai cewa ina kambama Jamusawa. Tunawar tasu tana da son kai, domin sun daɗe suna kawar da kai daga ta'asar da suka yi a Afirka. Sai a 2021 gwamnatinsu ta amince cewa kisan da aka yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908 kisan ƙare dangi ne. Sai a 2022 aka miƙa wa Nijeriya mallakar kayan tarihin masarautar Benin da ke gidajen tarihin Berlin, a shekarar ce kuma aka sauya sunan wani dandali zuwa na Manga Bell, sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914. Waɗannan abubuwa ba su samu ba sai da aka yi shekaru ana matsa lamba, amma matsin ya yi tasiri ne saboda al'umma ce da ta riga ta saba da tuhumar kanta.

To, mu fa? Ba sai na kai mai karatu nesa ba. Badalar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu kimanin shekara 900 da suka wuce, muna kallo ana yankar ta ana gina shaguna da gidaje. Idan abin alfaharinmu ma mun kasa tsare shi, ina ga abin da ke sosa mana rai? Rikice-rikice nawa aka yi a garuruwanmu aka rasa rayuka, aka share wurin aka ci gaba da harka, babu ko allon da zai gaya wa yaro abin da ya faru, balle ya guje shi?

Shawarata ga mai niyyar zuwa Berlin ita ce ya rage lokacin sayayya, ya sa takalmi mai daɗin tafiya, ya tako daga majalisar zuwa Wilhelmstrasse, tafiyar da ba ta kai ta awa guda ba. Idan ya dawo gida kuma, ya tambayi hukumomin jiharsa wane tanadi suka yi wa wuraren tarihin da suka rage mana, tun kafin su ma a wayi gari babu su. Allah Ya sa mu gane.