Riguna 27, Wuya Ɗaya

Wata magana ta fara yawo a tsakanin ɗalibanmu, har da wasu malamai, wai duk mai son fahimtar ire-iren tsarin mulki ya daina wahalar da kansa da littattafai, ya shiga intanet ya kafa ƙasarsa a wasan nan mai suna NationStates. Mu dai ba mu yarda ba. Kuma kada a ce ba mu ɗanɗana ba, domin mun shiga, mun kafa tamu ƙasar, mun yi mulki, sannan muka ɗauki alƙalami.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Wani marubuci ɗan Ostareliya, Max Barry, shi ya ƙirƙiro wasan a shekarar 2002 don tallata littafinsa na ƙagaggen labari, Jennifer Government. Mai wasa zai raɗa wa ƙasarsa suna, ya zaɓi tuta da kuɗi da take, a damƙa masa talakawa miliyan 5. Daga nan sai a riƙa kawo masa matsaloli, kowace da shawarwarinta, ya ɗauki ɗaya ko ya yi watsi da batun baki ɗaya. Kwamfuta kuwa tana auna hukuncinsa da ma'auni uku, wato 'yancin mutum a rayuwarsa, da 'yancin neman dukiya, da 'yancin siyasa. Kowane ma'auni yana da hawa uku, don haka lissafi ya haifar da nau'in gwamnati 27, tun daga kama-karyar mahaukata, da wadda za mu iya kira ta “Baba ya fi kowa sani”, har zuwa dimokuraɗiyyar tsaka-tsaki da zaman kara-zube.

To, ina aibin? Aibin shi ne, a cikin waɗannan gwamnatoci 27 babu ko ɗaya da talakawanta za su iya tuɓe mai mulki. Ko da allo ya nuna cewa 'yancin siyasa ya kai ƙololuwa a ƙasarka, babu ranar da za ka wayi gari ka tarar an kayar da kai a zaɓe. Ɗaya daga cikin matsalolin farko da ake kawo wa sabon shugaba ita ce ko a tilasta wa jama'a jefa ƙuri'a, kuma cikin shawarwarin har da ta a soke zaɓen ɗungurungum. Ka soke, kana nan. Ka bari, kana nan daram. Ashe riga ce kawai ake sauyawa, wuyan da ke sanye da ita ɗaya ne. A littafinsa na 1945, masanin falsafa Karl Popper ya raba gwamnatoci gida biyu kacal: wadda jama'a za su iya kawar da ita ba tare da zub da jini ba, da wadda ba za su iya ba. In aka ɗora wasan nan bisa wannan sikeli, duk 27 ɗin a gida na biyu za su kwana.

Masu kare wasan za su ce ai akwai zaɓe a ciki. Haka ne, akwai shi a majalisar duniya ta wasan, wadda da fari take amfani da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya, sai da ta gaskiyar ta aiko da takardar gargaɗi a 2008 aka sauya mata suna. Amma su wa ke jefa ƙuri'a a can? Shugabanni ne ke zaɓen junansu. Talaka dai adadi ne da ke ƙaruwa kullum a gefen allo.

Alal haƙiƙa ba mu ga laifin Barry ba. Mai zambo ne, kuma kowane ɗalibin adabi ya san cewa kambamawa ce jarin mai zambo. Laifin na wanda ya ɗauki zambo a matsayin darasi ne. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a ce ɗan Nijeriya ne zai ruɗu da wannan. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta zauna ta ƙera jam'iyyu biyu, SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, kamar mai danna maɓalli, sannan ta soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Sai dai talakawan nan ba adadi ba ne. Gari ya rikice, kafin ƙarshen watan Agusta Janar ya sauka. Wannan ɓangaren na labarin, wanda shi ne siyasar, babu gurbinsa a wasan.

Hanya ɗaya ce mulki ke ƙarewa a can. In mai wasa ya yi kwana 28 bai leƙa ba, sai a shafe ƙasar, ita da mutanenta duka. Tamu ma haka ta tafi, lokacin da makin jarrabawa ya ɗauke mana hankali.