Kuɗin digiri na biyu a fannin noma: mu duba bakin buhun albasa

Jama'ar Zango, wa ke sayar da albasa a ƙasar nan? Mu ne. Wa ke riƙe da kasuwar shanu ta Tulaku a Ashaiman? Mu ne. Goro, doya, masara, duk da hannunmu a ciki. To amma a je jami'a a tambayi masu binciken irin albasa ko ciwon dabbobi, a ga 'ya'yanmu nawa ne a cikinsu. Wannan gibin shi ke damuna, kuma ra'ayina shi ne kuɗin cike shi yana hannun 'yan kasuwarmu, in har mun yarda mu tsara.

Mu tuna 2023. Da aka yi juyin mulki a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, iyakoki suka rufe, motocin albasa suka maƙale a hanya, kaya ya ruɓe, farashi ya tashi a Adjen Kotoku da Kumasi. Albasar Galmi muke jira daga Nijar, tumatir daga Burkina Faso, alhali ga ƙasa a Bawku, ga ruwa. Abin da ya rage shi ne ilimin iri, da ban ruwa, da ajiya. Wannan ilimin kuwa a digiri na biyu da na uku ake zurfafa shi.

Wuraren karatun ba su da nisa. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai cibiyar WACCI, wadda aka kafa a 2007 don horar da masu inganta iri. Wanda ya assasa ta, Farfesa Eric Danquah, ya samu kyautar abinci ta Afirka a 2022. A arewa akwai UDS, sashenta na noma yana Nyankpala, maƙwabtaka da cibiyar binciken noma ta SARI. UDS tana kuma da WACWISA, cibiyar da ta ƙware kan ruwa da noman rani, wadda aka kafa da tallafin Bankin Duniya. Irin waɗannan cibiyoyi sukan ɗauki nauyin wasu ɗalibai idan suna da aikin bincike mai kuɗi. Don haka yaron da ya gama digirin farko ya rubuta wa malamin sashen kai tsaye, ya faɗi abin da yake son bincika. Kada ya zauna jiran talla.

Na waje ma akwai ƙofofi. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yana da shiri na musamman ga Musulmin ƙasashen da ba mambobinsa ba, irin tamu, kuma noma na cikin fannonin da yake fifitawa. Gwamnatin Turkiyya takan buɗe neman tallafinta a watan Janairu zuwa Fabrairu, mai neman digiri na biyu kada ya kai shekara 30. Chevening ta Ingila tana son wanda ya yi aiki na shekara biyu. Ga tallafin Commonwealth, ga DAAD ta Jamus wadda har a jami'o'in Afirka takan biya wa ɗalibi. A gida akwai ofishin tallafin karatu na gwamnati, malaman makaranta irina kuma muna da hutun karatu da albashi a ƙarƙashin GES.

To me ya hana? A matsayina na malami, abin da nake gani shi ne ƙananan kuɗi ke kayar da yaranmu tun kafin su isa ƙofar. Kuɗin fom, kuɗin karɓar takardar sakamako, fasfo, jarrabawar Turanci ta IELTS. Ɗan mai sayar da koko da ƙosai ina zai samo? Wanda ya samu gurbi a gida kuma, kuɗin bincike ke tsayar da shi: hayar fili, taki, gwajin ƙasa, kuɗin mota zuwa ƙauye. Sai shekara biyu ta zama huɗu, daga nan ya watsar. Bashin banki kuwa akwai ruwa a kansa, iyaye da yawa ba za su yarda ba, kuma suna da hujjarsu ta addini.

Ga shawarata. Ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan shanu da mahauta su kafa asusun wakafi na karatun noma. Sidi ɗaya a kan kowane buhun da aka sauke, wani abu kaɗan a kan kowace saniya da aka sayar. Ai mun saba da susu, mun saba haɗa kuɗin awure da suna da jana'iza, wannan ba baƙon abu ba ne. Asusun ya yi aiki biyu: ya biya wa masu neman tallafin waje kuɗin takardu, ya kuma ɗauki nauyin binciken masu karatu a Nyankpala, Legon ko KNUST. Sharaɗi ɗaya: binciken ya taɓa matsalar masu biya. Yadda albasa za ta yi watanni a ajiye ba ta ruɓe ba. Abincin dabbobi lokacin rani. Idan ɗalibi ya gama, ya zo kasuwa ya bayyana sakamakon da Hausa. In ya samu aiki ya mayar da wani kaso ba tare da ruwa ba, na baya su amfana. Haka bankin Jidda yake yi da masu digirin farko, kuɗin da suka mayar yana shiga asusun amana na cikin ƙasarsu.

Wani zai ce, Malam, wannan aikin gwamnati ne, muna biyan haraji. Gaskiya ne. An kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017, har ya tura yaranmu Cuba karatun likita, kuma ya kamata sarakunanmu su nemi a ware wa noma gurbi. Amma mai jiran gwamnati kaɗai zai daɗe a tsaye. Wani kuma zai ce kuɗin jama'a cinyewa ake yi. Wannan tsoron yana da tushe. Maganinsa shi ne asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a fili bayan sallar Juma'a, a zaɓi ɗalibi da takardunsa, ko ɗan wane ne. 'Yan mata ma a ba su gurbinsu, tunda iyayensu mata ne ke riƙe da rabin kasuwar.

Iyaye, mu daina kallon karatun noma kamar na wanda ya rasa likita da lauya. Alhazanmu na kasuwa, a fara da ɗalibi biyu a bana. Limamai, a yi huɗuba a kan wakafin ilimi. Matasa masu digiri, a shirya takardu tun yanzu, kafin Janairu ya zo. Allah Ya sa mu dace.