Ra'ayinmu: A fara zama da mai sito kafin a raba takardar tambayoyi

Manhajojin da ke haɗa lissafin kuɗi, kayan sito, albashi da cinikayya wuri guda, waɗanda masana ke kira ERP, a da sai manyan kamfanoni masu ƙarfin sayen SAP ko Oracle. Yau danginsu sun shigo ofisoshinmu: duwan na aiki da SYDONIA, asibitocin gundumomi na aika rahoto ta DHIS2. Shin suna amfani a Agye, Gazawa da Gidan Rumji? Amsar ta danganta da hanyar da mai bincike ya bi, kuma masana sun rabu a kanta.

Mafi rinjaye su ne masu awo. Su tsara tambayoyi, su raba wa ma'aikata, su fitar da alƙaluma. A 1991 Wanda Orlikowski da Jack Baroudi sun duba maƙaloli 155 na binciken tsarin bayanai na kwamfuta, suka tarar fiye da kashi 96 cikin 100 tsarin tunanin masu awo suka bi. Ba a banza ba. Hukumar da za ta zuba miliyoyin sefa tana buƙatar abin kwatantawa tsakanin gunduma da gunduma, kuma alƙalumman da aka tattara da gaskiya suna hana mai bincike cusa son ransa.

Sai dai awo yana ganin abin da aka tambaya ne kawai. Takarda ce da Faransanci, baƙo ya kawo ta, shugaban ofis yana kusa. Me ake jiran ƙaramin ma'aikaci ya ce ban da komai lafiya lau? Takardar ba za ta nuna cewa ana rubuta aikin a littafi ba, sai ƙarshen wata a juye shi cikin kwamfuta don a sallami na sama. Ba za ta nuna cewa ɗan kasuwar aya a Cadawa ko Tibiri da tiya da buhu yake awo alhali manhajar kilo ta sani ba, ko cewa bashin da ya bayar bisa amana ba shi da gurbi a cikinta. Ga kuma lantarki. Layin da ke kawo wuta daga Katsina ta Gazawa yake bi, kuma Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, ba ta maido ba sai Maris 2024. Wanda ya ƙirga yawan shiga manhaja a waɗancan watanni bai tambayi kowa ba, zai iya rubuta cewa ma'aikata sun ƙi sauyi, ya zalunce su.

Shi ya sa ɓangare na biyu ke cewa a je a zauna, a kalla, a saurara. Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan hanya. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, da Jean-Pierre Olivier de Sardan cikin jagororinta, ta yi suna wajen nuna tazarar da ke tsakanin dokar ofis da yadda ake aiki a zahiri. A Agye ma, aikin PPILDA na asusun FIDA ya haɗa manoman ƙauyuka irin su Ɗan Saga da masana suka yi bincike tare. Amma hanyar na cin lokaci, ofis ɗaya ba ya wakiltar jaha, kuma mai binciken da bai yi hattara ba zai dawo da labari mai daɗi wanda ba a iya gina shawara a kansa.

Akwai ƴan tsiraru masu wata tambaya dabam: wa manhajar ta ƙara wa iko, wa ta rage wa? Tambaya ce mai kyau, musamman inda Yamai ke ganin komai a allo, wanda ya shigar da bayanin kuwa ba ya ganin sakamakonsa.

Matsayinmu shi ne ba a jefar da awo, amma bai cancanci zuwa farko ba. Muna kira ga malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da kada su amince wa ɗalibi takardar tambayoyi a kan waɗannan manhajoji sai ya zauna a sito ko ofishin da zai yi rubutu a kansa. A tsara tambayoyin da Hausa daga abin da ya gani can, sannan a ƙirga, kuma a mayar wa ma'aikatan sakamakon su tabbatar ko su musanta.