Tilas Ba Ta Rasa Ɗakin Kwana

Daga Shugabannin Ɗalibai Masu Barin Gado

Da farko muna gode wa Allah da ya kawo mu ƙarshen shekara ta shida lafiya. Muna gode wa Shugaban Makaranta da malamanmu, da kuma kwamitin wannan mujalla da ya ba mu fili. An saba shugabannin ɗalibai masu fita su rubuta ban kwana, su lissafta kofunan da gidajensu suka ci. Mu dai mun roƙi a bar mu mu yi magana a kan wani abu da muka riƙe a hannu shekara guda cur, wato bulala.

Ga abin da ya jawo maganar. Wata safiya cikin hunturu, ana addu'a a ɗakin sujada, sai ɗaya daga cikinmu ya hango wani yaro ɗan aji ɗaya idonsa a buɗe. Da aka tashi aka sa shi ya durƙusa, aka yi masa bulala uku. Yaron bai yi kuka ba. Da ya miƙe sai ya ce cikin ladabi, "Siniya, ka yi haƙuri, ta yaya ka gan ni?" Duk muka yi tsit. Ashe mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi. Tun daga ranar yaron bai ƙara buɗe ido a wurin addu'a ba. Amma ko addu'ar yake yi? Babu wanda ya sani a cikinmu, bulalarmu kuma ba ta da hanyar sani.

Hausawa sun ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Haka ne. Abin tambaya shi ne, wane ɗaki ya kamata a ba ta, wane ɗaki kuma ya kamata a rufe mata? Ra'ayinmu shi ne, tilas tana da aiki guda ɗaya, ta riƙe hannun mai cutar da wani. In aka aike ta ta gyara zuciyar mutum, abin da take dawowa da shi aikin ganin ido ne.

Inda Tilas Take da Gurbi

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a jefar da hukunci. Dokar da ba ta da hukunci shawara ce kawai. Ɓarawo ba ya mayar da akuya don an roƙe shi. A darasin Gwamnati an koya mana abin da wani masani Bajamushe, Max Weber, ya bayyana a shekarar 1919, cewa abin da ya bambanta hukuma da sauran ƙungiyoyi shi ne ita kaɗai ke da halaccin amfani da ƙarfi a cikin iyakar ƙasarta. Hikimar abin ita ce a tattara sanda a hannu ɗaya domin kada kowa ya ɗauko tasa. Inda hukuma ta kasa kama mai laifi, ramuwar gayya ce take maye gurbinta, kuma mun ga abin da ramuwar gayya ta yi wa garuruwa da ƙauyuka.

Ko a nan makaranta haka ne. Babban yaro da ya ƙwace abincin ƙarami a ɗakin cin abinci, dole a hana shi, ko ya so ko ya ƙi. Ba a jiran sai zuciyarsa ta yi laushi, domin kafin nan ƙaramin ya kwana da yunwa. Wannan shi ne ɗakin da tilas ta cancanta.

Darasin 1984

Matsala tana farawa ne ranar da mai sanda ya ga sandarsa ta yi aiki a wuri ɗaya, sai ya zaci za ta yi aiki a ko'ina. Ƙasarmu ta taɓa gwada wannan, kuma iyayenmu da kakanninmu har yanzu suna ba da labari.

Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Marigayi Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa, marigayi Tunde Idiagbon yana mataimakinsa. A watan Maris 1984 suka ƙaddamar da shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a. An kasa shi kashi biyar: bin layi, riƙe aiki da gaskiya, kishin ƙasa, yaƙi da cin hanci da zagon ƙasa ga tattalin arziki, sai tsabtace muhalli a 1985. Babu mai hankalin da zai ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sojoji da bulala suka tsaya a tashoshin mota da wuraren sayen kayan masarufi. Ma'aikacin da ya makara, ko da furfura a kansa, akan sa shi tsallen kwaɗo a gaban jama'a.

Mu faɗi gaskiya, layi ya miƙe. Mutane da yawa sun ji daɗi, domin mai rauni da tsohuwa sun sami shiga mota ba tare da an ture su ba. Har yau akwai masu tuna wannan zamani da kewa, kuma ba mu raina dalilinsu ba.

Amma sandar ba ta tsaya a tashar mota ba. Dokar soja mai lamba 2 ta 1984 ta ba da ikon tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Doka mai lamba 4 ta sa an ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda saboda labarin da suka buga a kan naɗin jakadu. Doka mai lamba 20 ta tanadi hukuncin kisa a kan safarar hodar iblis, aka kuma mayar da ita baya ta hau kan abin da aka aikata kafin a kafa ta. A watan Afrilu 1985 aka harbe mutum uku a Legas a ƙarƙashinta. Hannun da ya miƙar da layi shi ne ya rufe baki.

Ranar 27 ga Agusta 1985 Janar Ibrahim Babangida ya karɓe mulki. Wata ashirin ke nan. Sojojin suka janye daga tasha, layin kuma ya fara karkacewa. Shaidar haka ita ce yadda aka yi ta sake ƙirƙiro shirin da sabon suna: gwamnatin Babangida ta kafa MAMSER a 1987 don wayar da kan jama'a, gwamnatin Janar Sani Abacha ta kawo Yaƙi da Rashin Ɗa'a da Cin Hanci a 1994. Da ɗa'ar ta shiga zuciya tun farko, da ba a sake shelar yaƙi ba.

Akwai darasi na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci. An soke doka mai lamba 4 a 1985, amma doka mai lamba 2 ta zauna. Gwamnatocin soja da suka biyo baya sun same ta a ajiye, suka yi amfani da ita a kan 'yan jarida da lauyoyi da shugabannin ƙwadago, ba a soke ta ba sai 1999. Shi kansa Janar Buhari an tsare shi fiye da shekara uku ba shari'a, sai 1988 aka sake shi. Duk wanda zai sassaƙa sanda, ya tuna ba a hannunsa za ta tsufa ba. Shi ya sa Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 36, ya hana hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne lokacin da ya aikata shi, ya kuma hana ɗora masa hukuncin da ya fi wanda ke aiki a lokacin.

Ɗakin da Ya Kamata a Rufe

In tilas ta kasa koya wa mutum bin layi na dindindin, abin da ido ke gani, yaya za ta koya masa bangaskiya, wadda ido ba ya gani? A nan sai mu ɗauko misali biyu daga nesa, daga littattafan tarihi, domin a ɗaya Kirista ne ke riƙe da sanda, a ɗayan kuma su ne ke shan ta.

Na farko a ƙasar Sifen ne. Da birnin Garanada ya faɗa hannun sarakunan Kirista a 1492, an yi wa Musulmin wurin alkawari a rubuce cewa za a bar su da addininsu. Ba a cika shekara goma ba aka karya alkawarin. Daga 1499 aka shiga yi musu baftisma jama'a jama'a, a 1502 kuma aka ce a masarautar Kastila ko mutum ya karɓi baftisma ko ya bar ƙasa. Da yawa suka karɓa da baki, suna zuwa majami'a ran Lahadi, suna salla a ɓoye cikin gida. A 1567 aka hana su Larabci da tufafinsu na gado. Bayan fiye da shekara ɗari ana wannan fama, hukuma ta gaji da zargin waɗanda ita da kanta ta tilasta wa, ta kore su tsakanin 1609 da 1614, mutum wajen dubu 300. Wanda ya tilasta maka ka ce "na yarda", shi ne na farko da ba zai yarda da kai ba, domin ya san yadda ya samo kalmar.

Na biyu a ƙasar Japan. A 1614 masu mulki suka haramta addinin Kirista. Aka riƙa tara mutane ana sa su taka sifar Yesu ko ta Maryamu da ƙafa don a gane mai bi. Wasu sun ƙi, aka kashe su. Wasu sun taka, suka koma gida suna neman gafara, suna koya wa 'ya'yansu addu'a a asirce, ba limami, ba majami'a. A 1865 wasu ƙauyawa suka shiga wata sabuwar majami'a da aka gina wa baƙi a Nagasaki, suka bayyana wa limamin, Bafaranshe, cewa su ma masu bi ne. Shekara wajen 250 ke nan. A 1873 aka janye haramcin.

Ba mu ce ƙarfi ba ya yin komai ba. Yana iya korar jama'a, yana iya cika kabari, yana iya cika benci a wurin ibada. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya sa mutum ya gaskata abin da bai gaskata ba. Malaman Kirista suna koyar da cewa Allah zuciya yake dubawa. Malaman Musulunci ma suna nuna aya ta 256 cikin Suratul Baƙara a kan hana tilastawa cikin addini. In haka ne, ibadar da aka karɓo da bulala, wa aka yi wa?

Laifi Tudu Ne

Yana da sauƙi mu taka namu mu hango na Sifen. To, mu dawo gida. Sashe na 38 na Tsarin Mulkinmu ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini, har da 'yancin sake addini. Ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi a kowace makaranta ya ɗauki darasin addini ko ya shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sashen kuma ya ba kowace ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da take ɗauke da nauyinta ita kaɗai. Muna murna da wannan dama. Amma in muna so a kiyaye wa ƙannenmu haƙƙinsu a makarantun wasu, sai mu kiyaye wa 'ya'yan wasu nasu a tamu.

Za a ce mana ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaro kuma ba babba ba ne. Mun yarda. Da ba don ƙararrawar asuba ba, da yawancinmu ba mu ga jarrabawar fita da idon basira ba. Amma mai tanƙwara ice a hankali yake yi, yana kafa masa abin jingina. Wanda ya fizge shi da ƙarfi, karya shi yake yi. In muka tuna malaman da suka canza halinmu, ba waɗanda suka fi duka ne ke zuwa ranmu ba. Wanda ke zuwa shi ne malamin da yakan riga mu isa aji, da matar da ta zauna da mu a ɗakin shan magani har gari ya waye.

Saboda haka muna barin wa sababbin shugabannin ɗalibai tambaya uku, su yi wa kansu kafin su ɗaga hannu ko su miƙa wa yaro langalanga. Ta ɗaya: wa wannan yaro ya cuta? In babu, a sauke hannu a yi magana. Ta biyu: ya san dokar tun kafin ya karya ta, ni ma kuma tana hawa kaina? Ta uku: in na zalunce shi, yana da wurin kai ƙara a saurare shi? Waɗannan tambayoyi su ne za mu riƙa yi wa duk mai mulkin da zai nemi ƙuri'armu, da duk mai wa'azin da zai nemi kunnenmu.

Ga hukumar makaranta kuma, cikin ladabi muna roƙon abu ɗaya: a ajiye bulala a bakin ƙofar ɗakin sujada. Mai surutu ya hana wasu ji, a fitar da shi, wannan cutar da wani ce. Amma buɗe ido da rufe ido, da ƙarfin murya wurin waƙa, a bar wa Mai ganin zuciya. Abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa.

Kai kuma ƙaninmu na aji ɗaya, ba mu ba ka amsa a ranar ba, ga ta yau. Mun gan ka ne domin mu ma idonmu a buɗe yake, muna neman mai laifi a lokacin da ya kamata mu nemi gafara. Ka yafe mana.

Allah ya ba mu shugabanni masu sanin iyakar sanda, ya sa mu ma mu san ta ranar da ta zo hannunmu. Amin.